25 Ga Afrilu: Alƙawarin Da Aka Ɗauka A Abuja

Galibin ranakun kiwon lafiya na duniya suna da tushe a tarihi. Ranar tarin fuka, 24 ga Maris, ita ce ranar da Robert Koch ya shaida wa masana a Jamus, a 1882, cewa ya gano ƙwayar cutar. Ranar ciwon suga, 14 ga Nuwamba, ranar haihuwar Frederick Banting ce, ɗaya daga cikin waɗanda suka gano insulin. Ita kuwa 7 ga Afrilu tana tuna kafuwar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1948.

Ranar zazzaɓin cizon sauro tushenta alƙawari ne. A ranar 25 ga Afrilun 2000, shugabanni da wakilan ƙasashen Afirka 44 suka taru a Abuja, suka yi alƙawarin rage mace-macen wannan cuta da rabi kafin 2010, da kuma ganin kashi 60 cikin 100 na ƙananan yara da masu juna biyu suna kwana cikin gidan sauro mai magani kafin 2005. Daga nan aka fara bikinta a matsayin ranar Afirka, har taron Hukumar Lafiya na 2007 ya mayar da ita ta duniya baki ɗaya.

To, ina aka kwana? Har yanzu cutar tana kashe kimanin mutum 600,000 duk shekara, akasarinsu yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa a Nijeriya suke. Da damina ta sauka kwatami ya cika, jikin yaro ya yi zafi, a sayo farasitamol a kemis ba tare da gwaji ba. Sai ya fara jijjiga a ce iska ce, a kai shi asibiti jini ya riga ya ƙone. Gidan sauron da aka raba kyauta kuwa yana lambu, an kewaye shuka da shi.

An samu ci gaba: ana raba wa yara maganin kariya gida-gida a watannin damina, kuma a Disambar 2024 aka fara allurar rigakafin cutar a jihohin Kebbi da Bayelsa. Amma alƙawari kaya ne. Hukumomi su zo mana da lissafin abin da suka cika, ba jawabi da rigunan biki kaɗai ba. Iyaye kuma, a ɗaura gidan sauro kowane dare, a kai yaro gwaji tun ranar da zazzaɓi ya fara.