Tsakanin “Baba” da Takardar Haihuwa: Ɗalibanmu da Neman Bizar Karatu

A daminar 2025 wani tsohon ɗalibina ya yi sallama a ofishina, riƙe da wata takarda da ya naɗe ta har ta fara yagewa. Yaron yana cikin haziƙan da na taɓa koyarwa, kuma ni na rubuta masa takardar shaida lokacin da wata jami'a a Birtaniya ta ba shi gurbin digiri na biyu. Bayan mun gaisa ya ce, “Malam, sun hana ni.” Na karanta takardar sau biyu. Ba a zarge shi da ƙarya ba, ba a kuma ce kuɗinsa sun gaza ba. Abin da aka ce shi ne, mai asusun da ya gabatar ba mahaifinsa ba ne. Ya dube ni ya ce, “Amma Malam, Baba ne fa.”

Gaskiya ya faɗa, su ma gaskiya suka faɗa. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu, ƙanen mahaifin ya ɗauke shi riƙo, ya yi masa kaciya, ya sa shi makaranta, bai kuma taɓa kiran sa da wani suna ba sai Baba. A Hausa kalmar “baba” ta rungumi uba da wansa da ƙanensa, kamar yadda “ɗan'uwa” ta rungumi wanda kuka sha nono ɗaya da wanda sai an zauna an warware zuri'a kafin a gano inda kuka haɗu. Dokar bizar ɗalibai ta Birtaniya kuwa ba ta san wannan faɗin ba. Kuɗin da ta yarda da su su ne na asusun ɗalibin, ko na abokin aurensa, ko na mahaifansa tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewa, ko na marikin da kotu ta tabbatar, ko kuma tallafin wata hukuma da aka sani. Riƙon da dangi suka ƙulla a zaure ranar sadakar bakwai ba shi da hatimi, don haka a wurinsu babu shi. Dillalin da ya karɓi lada ya cike masa takardu bai ko tambaye shi ba.

Ya kamata mai karatu ya san nauyin abin da ake magana a kai. A wancan lokacin, ban da kuɗin makaranta na shekarar farko, ana bukatar ɗalibin da zai zauna wajen Landan ya nuna fam 1,136 na kowane wata har wata tara, wato fam 10,224, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a asusu ba tare da sun ragu ko na yini ɗaya ba. Kuɗin neman bizar a lokacin fam 524 ne, harajin kula da lafiya fam 776 a shekara, ga gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Fam ɗaya a lokacin ta haura naira 2,000, saboda haka kuɗin zama kaɗai sun zarce naira miliyan 20. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, lissafin gidaje da yawa ya rushe, har a 2024 aka ji labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar aka ce su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. A irin wannan hali, wane malamin firamare ne zai tara wa ɗansa wannan dukiya shi kaɗai? Dole kawu ya sa hannu, gwaggo ta sayar da fili. Haka muke rayuwa, kuma daidai nan ne takardun suke tuntuɓe.

Sai kuma batun suna, wanda ni a matsayina na mai nazarin harshe ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ɗaya zai kasance Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a sakamakon WAEC, Muhammad a fasfo, a banki kuma an taƙaita shi zuwa haruffa huɗu. Mu mun san suna ɗaya ne da ya ratso Larabci da Hausa da alƙalamin Bature. Wani an rubuta shi da sunan garinsu a sakandare saboda masu suna irin nasa sun yi yawa a aji, daga baya ya koma sunan kakansa. Wata ta ɗauki sunan miji a takarda ɗaya ta bar na uba a sauran. Ga kuma rundunar waɗanda aka “haifa” ranar 1 ga Janairu domin wanda ya cike takardar rantsuwar shekaru bai da wata ranar. Ma'aikacin da ke duba takardu a wata ƙasa ba ya ganin tarihin rubutun boko a ƙasar Hausa. Mutum huɗu yake gani. Gyaran wannan kuwa ba aikin mako biyu ba ne, kuma mafi munin abin da ɗalibi zai yi shi ne ya bari wani ya “gyara” masa a bayan fage, domin takardar jabu na iya jawo haramcin shiga Birtaniya na shekara goma.

Ba zan ɓoye ra'ayina kan jarrabawar Ingilishi ba. Birtaniya na da jerin ƙasashen da take ɗauka masu magana da Ingilishi ne, Jamaika da Barbados da Malta suna ciki, Nijeriya ba ta ciki, duk da cewa da harshen muke karatu har digiri na uku. Abokaina da dama suna ganin wannan raini ne. Ni da nake duba takardun jarrabawa kowane zangon karatu ba zan iya rantsuwa cewa duk mai digiri a ƙasar nan zai rubuta shafi biyu masu tsabta ba. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne sakamakon IELTS ya mutu bayan shekara biyu ga mutumin da kullum da harshen yake aiki. Sauƙin dai shi ne jami'o'i da yawa a can suna karɓar sakamakon Ingilishi na WAEC, abin da ɗalibai da yawa ba sa tambaya kafin su biya kuɗin jarrabawa.

Hirar baki ita ma fagen harshe ce. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1952, a sashenta na 214(b), ta ɗauki duk mai neman irin wannan biza a matsayin mai niyyar zama dindindin har sai ya gamsar da jami'i akasin haka, kuma cikin 'yan mintuna ta bayan gilashi. Yaron da aka tarbiyyantar a kan sunkuyar da kai gaban babba, da taƙaita amsa, da ƙin yabon kai, duk abin da muke kira kunya da ladabi, a can ana iya karanta shi a matsayin ɓoye-ɓoye. Ƙofar ma ta ƙara tsukewa: a Disambar 2025 Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa biza, har da ta ɗalibai. Birtaniya kuwa tun Janairun 2024 ta hana masu digiri na biyu na aji tafiya da iyali, abin da ya shafe mu ƙwarai, mu da muke aure da wuri.

Laifinmu mu malamai shi ne muna rubuta takardar shaida mu ɗauka mun gama. Da kowace jami'a za ta ware ma'aikaci ɗaya ya zauna da ɗaliban ajin ƙarshe ya jera takardunsu a tebur, ya daidaita suna da ranar haihuwa tun kafin a fara maganar fasfo, da kasuwar dillalai ta ragu.

Shi ɗalibin nawa, maganinsa bai fi layi ɗaya ba: Baba ya tura kuɗin asusun yaron, a jira kwana 28. Sai dai kafin su cika, zangon Satumba ya wuce. Jami'ar ta ɗage masa gurbin zuwa Janairu, ya nemi sabuwar takardar shaidar gurbi, ya sake biyan fam 524. Da ya zo yi mini ban kwana na tambaye shi abin da ya rubuta a gurbin sunan mahaifi. Ya ce sunan marigayin ya sa, amma bai nuna wa Baba shafin ba.