Alamar Farawa da Lambar Kariya a Hoton Kyamarar Tsaro

Abin da kyamarar tsaro ke aikawa ta intanet jerin lambobi ne marar yankewa, kowace lamba tsakanin 0 da 255, ana kiranta bayit. To, ta yaya na'urar da ke karɓa za ta gane inda wani yankin bayani ya ƙare, wani ya soma?

Ƙa'idar H.264, wadda hukumomin ITU da ISO suka fitar a shekarar 2003, ta tanadi alama domin haka, wato 0, 0, 1 a jere, wani lokaci da ƙarin sifiri a gaba. Amfaninta babba ne, domin ko na'ura ta tsinci jerin daga tsakiya, ko wani ɓangare ya lalace a hanya, sai ta yi ta dubawa har ta iske alama, ta ci gaba daga nan.

Sai dai bayanin hoton kansa yana iya ƙunsar 0, 0, 1 bisa katari, na'ura ta yanke shi inda bai kamata ba. Maganin da aka yi shi ne, duk inda sifiri biyu suka zo a cikin yanki, lambar da ke biye kuma ta kasance 0, 1, 2 ko 3, sai kyamara ta cusa 3 a tsakani. Ke nan 0, 0, 1 ya koma 0, 0, 3, 1. Ita kanta 3 ta asali sai an kare ta, in ba haka ba mai karɓa zai ɗauka cusa ta aka yi, ya jefar da ita.

A nan ne masu rubuta manhaja suka fi tuntuɓe. Wajibi ne a fara gano iyakokin yanki, sannan a tsame lambar kariya. Wanda ya juya wannan tsari ya dawo da alamun bogin da aka kawar. Wanda kuwa ya karanta yankin da ke bayyana faɗi da tsawon hoto bai tsame ta ba, yana iya samun awo na ƙarya.

Haka kuma, in an aiko hoton ta tsarin RTP, kamar yadda kyamarori da yawa ke yi, ba a haɗa shi da alamar farawa, domin ƙunshin saƙon shi ke nuna iyaka. Amma lambar kariya tana nan daram a ciki. Mai karɓa shi zai mayar da alamar, in na'urarsa tana bukata. Ƙa'idar H.265 ta 2013 ma wannan dabara ta riƙe.