Shin Ko Kun San? Harsashin Farauta Da Babu Dalma A Cikinsa

Shin ko kun san yanzu akwai harsashin farauta da babu ko ɗigon dalma a cikinsa? Jan ƙarfe ne tun daga tsini har gindi. Kamfanonin Amurka sai rige-rigen fito da sababbi suke yi, kowa na cewa nasa ya fi cin nisa. To, ku gyara zama.

Harsashin da aka saba da shi, cikinsa dalma ce, rigar jan ƙarfe kawai aka sa masa. Da ya bugi dabba sai dalmar ta tarwatse. Masu bincike sun haska gawarwakin barewa da na'urar ɗaukar hoton ƙashi, suka ƙirga ɓurɓushi sama da ɗari a jikin dabba guda, wani lokaci ma ɗaruruwa. Harsashi ɗaya fa!

A 2008 jami'an kula da namun daji na jihar Minnesota sun yi gwaji da gawarwakin tumaki. Sun tarar da ɓurɓushin dalma har nisan santimita 45 daga ramin harbin. Ido ba ya ganinsa, haƙori ba ya jinsa, sai dai ya wuce ciki tare da nama.

Wa ke cinye kayan cikin da maharbi ya zubar a daji? Ungulu mana! Kun san ƙatuwar ungulun Kalifoniya? Idan ta ware fikafikanta, faɗinsu ya kusa mita 3. A 1982 guda 22 kacal suka rage a duk duniya. A 1987 aka kama na ƙarshe da ke yawo a daji, aka haɗa su 27 a killace ana lallaɓa su. Ga ta kuma da ƙwai ɗaya tak, galibi sau ɗaya a shekara biyu! Yau sun haura 500, amma har gobe gubar dalma ce kan gaba wajen kashe waɗanda aka saka daji.

Shi ya sa a 2008 Kalifoniya ta hana harbin manyan dabbobi da dalma a yankin da ungulun take. Daga 1 ga Yulin 2019 kuwa, haramcin ya game duk wata farauta a faɗin jihar. Tsibirin Hokkaido na Japan ya riga ta, tun 2000 ya fara hana harbin barewa da dalma saboda mikiyoyin teku da ke mutuwa. Denmark ta rufe ƙofar baki ɗaya a watan Afrilun 2024.

Kuna tsammanin abin ya tsaya kan ungulu? A 2022 mujallar Science ta buga binciken mikiyoyi 1,210 daga jihohin Amurka 38. Kusan rabinsu na ɗauke da alamun daɗewar dalma a ƙashinsu. Rabi fa! A nan Afirka ma, a Botswana, an auna jinin ungulaye sama da 500, kusan kashi ɗaya cikin uku dalma ta yi musu yawa. Mu da muka ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadiyyar niƙan duwatsun zinare, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani kan wannan guba.

Amma ga abin mamaki: wanda ya buɗe wa harsashin jan ƙarfe kasuwa ba tsuntsu ne a ransa ba. Randy Brooks, wanda a da shi ne mai kamfanin Barnes a jihar Utah, maharbi ne da ke neman harsashin da zai ratsa ƙashin babbar dabba bai wargaje ba. A 1989 ya fito da samfurin da ya kira X. Akwai ɗan rami a tsininsa. Da ya shiga nama sai bakin ya dare gida huɗu kamar ɓawon ayaba, ya ci gaba da kutsawa. Idan aka tono shi aka auna, sau da yawa sama da kashi 95 cikin ɗari na nauyinsa na nan daram.

Faransawa ma sun riga shi da kusan shekara casa'in. Tun 1898 sojojinsu suka karɓi wani harsashi na tagulla zalla, mai tsini a gaba da tsukakken gindi, don bindigar Lebel. Siffar nan tasa ita ce har yau masu harbin nesa ke bi.

To, a nesa ɗin nan ne ake yin ta. Dalma ta fi jan ƙarfe nauyi: ƙwayar dalma mai faɗin santimita ɗaya ta kowane gefe giram 11.3 ce, ta jan ƙarfe kuwa ba ta ma cika giram 9 ba. Kun ga ke nan, idan ana son harsashin jan ƙarfe ya kai nauyin ɗan'uwansa, dole a ƙara masa tsawo. Dogon harsashi kuma rigimamme ne, so yake ya yi tutsu a iska ya juya gindi gaba. Maganinsa? A murɗa shi da ƙarfi. A cikin bututun bindiga akwai murɗaɗɗen zane da ke juya harsashi. Idan zanen na kammala zagaye ɗaya a kowane santimita 20, harsashin kuma ya fita da gudun mita 900 a daƙiƙa, zai riƙa juyawa sau 270,000 a minti ɗaya. Ku sake karantawa: dubu ɗari biyu da saba'in!

Gudun nan kansa ya ninka na sauti fiye da sau biyu da rabi. Wato harsashi na isa kafin ƙarar bindigar ta iso.

Duk da haka ƙasa ba ta daina jansa. Bindigar farauta ta yau da kullum, wadda aka saita a mita 100, harsashinta kan zame ƙasa da kimanin mita ɗaya da rabi kafin ya kai mita 500. Ban da iska da ke tura shi gefe!

Ga kuma inda jan ƙarfe ke ba masu ƙira ciwon kai. Ya fi dalma tauri nesa ba kusa ba, don haka ba ya darewa sai da gudu. Yawancin irinsa na bukatar mita 550 zuwa 600 a daƙiƙa a lokacin da ya bugi dabba. Idan gudun ya gaza haka, sai ya huda ɗan siririn rami ya fice, dabba ta gudu da rauni ta je ta mutu a wahale. Wannan kam abin takaici ne, kuma a ganina duk maharbin da bai san nisan da harsashinsa ke daina darewa ba, bai kamata ya ɗana kunama ba. Sababbin samfura irin su LRX na Barnes da CX na Hornady duk wannan matsala suke kokawa da ita: a zurfafa ramin, a tsuke gindin, a sa wa tsinin hular roba da za ta danna ciki ta buɗe shi.

Kun lura da zoben-zoben da ke jikin irin waɗannan harsasai? Ba ado ba ne. Na farko-farko kan shafe cikin bututu da jan ƙarfe, su kuma ƙara matsin wuta. A 2003 Barnes ta yanka musu tsagogi a jiki, aka sami sauƙi. Wasu ƙananan kamfanoni ma ɗaya bayan ɗaya suke fiƙe harsasansu daga sandar jan ƙarfe, da injin da kwamfuta ke sarrafawa.

Hular robar nan ma da nata labarin. Injiniyoyin Hornady a jihar Nebraska sun riƙa bin harsasansu da na'urar rada, sai suka ga gudunsu na raguwa fiye da yadda lissafi ya nuna. Me ya faru? Ashe zafin gogayya da iska ne ke narkar da robar, harsashi na cikin tafiya! A 2015 suka sanar da sabuwar roba mai jure zafi, kuma ita ce a kan tsinin CX da suka fitar a ƙarshen 2021.