Hannu Ya Yi Kisa, Mai Hannun Yana Barci

Wani dare a watan Mayun 1987, Kenneth Parks, ɗan shekara 23 a ƙasar Kanada, ya tashi daga inda barci ya kwashe shi, ya tuƙa mota kimanin kilomita 23 zuwa gidan surukansa a gefen birnin Toronto. Ya shaƙe surukinsa, amma da sauran kwana ya rayu. Surukarsa kuwa ya sassoke ta da wuƙa har lahira. Daga nan ya kai kansa ofishin 'yan sanda, jini na zuba, wuƙar ta yanke masa jijiyoyin hannu amma ba ya nuna yana jin zafi. Ya ce musu yana ganin ya kashe mutane.

Babu mai musun cewa hannunsa ne. Abin da kotu ta tsaya a kai shi ne: da son ransa hannun ya motsa? Wannan tambaya tana gaba da maganar niyya. Kafin a ce mutum ya yi nufin kisa, sai an tabbatar shi ne ke riƙe da ragamar jikinsa a lokacin. Likitoci sun shaida cewa tafiyar barci ce, kuma akwai ta a danginsa. Bashin caca ya yi masa katutu, ya daɗe ba ya samun isasshen barci, kuma babu wata tsama tsakaninsa da surukan. Aka sallame shi, Kotun Ƙolin Kanada ta tabbatar da hukuncin a 1992.

Na san yadda wannan ke ɗaga hankali. Ga gawa, ga wanda ya yi, sannan a ce ya tafi gida? Ina tausaya wa dangin surukar ƙwarai. Duk da haka ina tare da kotun, domin hukunci na wanda ya zaɓi aikata ɓarna ne, mai barci kuwa bai zaɓi komai ba. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman fiƙihu sun daɗe da kawo misalin mai barcin da ya mirgina kan wani ya mutu: babu ƙisasi a kansa, sai diyya. Sashe na 24 na dokar laifuffuka ta kudancin Najeriya ma ya ɗauke laifi daga aikin da ya faru ba da ikon mai shi ba.

Damuwata ita ce maƙaryata, domin kowane mai kisa zai so ya ce hankalinsa ba ya jikinsa. Kanada ta hango haka. A shari'ar Stone ta 1999, inda wani mai suna Stone ya daɓa wa matarsa wuƙa sau 47 ya ce baƙar maganarta ce ta gusar masa da hankali, Kotun Ƙoli ta ce mai wannan iƙirari shi zai kawo hujjar da ta rinjaya, tare da shaidar likitan ƙwaƙwalwa. Stone bai kuɓuta ba.