Fitila da bokiti: yadda ake ƙirga kashe-fitila a lokacin kaka

Jama'a, da damina ta fara ja baya, daga Satumba zuwa Oktoba, duk wanda ya kunna fitila a tsakar gida zai ga ƙwari sun yi mata caa. Cikinsu akwai kashe-fitila, wato malam-buɗe-littafi na dare. Mu dai korar su muke yi. Masu binciken noma kuwa, irin na INRAN a Maradi, tarko suke ɗana musu, su kama su ƙirga.

Tarkon ba wani abin wuya ba ne. A samu bokiti, a ɗora mazurari a bakinsa, a rataye fitila mai aiki da hasken rana a bisa. Ƙwaro ya zo ya yi ta kewaya haske, sai ya faɗa ciki. A zuba kwalin ƙwai a bokitin don su samu wurin laɓewa, kada su kakkarya fukafukansu. Daren da babu farin wata ya fi kamu. Da asuba, kafin kaji su riga ku, a buɗe, a ɗauki hoto da salula, a rubuta rana da sunan gari da yawan kowane iri, sannan a sake su cikin ciyawa.

Wasu kam gwanin kyau ne. Akwai babba kore mai ratsin ruwan hoda, kamar an rina masa riga, masana na kiran sa Daphnis nerii, kuma yakan yi tafiya daga Afirka har Turai. Akwai wani ƙato mai zane kamar ƙoƙon kan mutum a bayansa. In an taɓa shi sai ya yi ƙara kamar ɓera, kuma yana shiga amya ya sha zuma. Ba maita ba ce, halittarsa ke nan.

Amma wanda ya fi damun mu ba shi da wani ado. Ƙarami ne, launin ƙasa: uwar murzuna. Tana fitowa daga ƙasa kamar wata guda bayan ruwan shuka, ta zuba ƙwai a kan zangarniyar hatsi, tsutsar ta yi ta cin ta a murɗe. Ranar da tarko ya fara cika da ita, malaman gona sun san ƙwai na hanya. Da wannan lissafi ake sanin lokacin rataye 'yan buhunan nan masu ɗauke da Habrobracon hebetor, ɗan mitsitsin zanzaro mai kashe tsutsar. In aka makara, tsutsa ta riga ta sauka ƙasa, sai baɗi.

Yanzu da kaka, na wake ne ke yawo, mai fukafukai ruwan ƙasa da tabo fari, wanda tsutsarsa ke huda fure da kwanso. 'Yan uwa na Legas da Akara da kuke aiko wa gida salula, ku ce wa yara su riƙa ɗaukar hoton suna nuna wa malamin gona na yankinsu.