TARAKTA: A AJIYE GARMA ƘASA, A DAIDAITA NAUYI

Ƴan uwa manoma, rani ya kusa wucewa, lokacin huɗa ya matso. A fadamun Gulbin Maraɗi, da gonakin ban ruwa na Jiratawa da Birnin Ƙonni, mun saba jin rurin tarakta. Abin da shanu biyu ke kwanaki suna huɗawa, ita tana gamawa kafin azahar. Amma ƙarfin da ke taimakonmu, shi ne kuma ke iya ƙarya mutum idan aka yi sakaci.

Bara, wani saurayi da ke karatu a ajinmu na yaƙi da jahilci yana bin direban tarakta don ya koyi aiki. Ciyawa ta nannaɗe garma. Direba ya ɗaga garmar sama, ya kashe inji, ya tafi shan ruwa. Saurayin ya tsuguna yana cire ciyawa. Wani yaro ya hau kujera yana wasa, ya taɓa sandar ɗagawa. Garma ta sauko bisa ƙafarsa. Allah ya tsare ransa, amma damina gaba ɗaya ta wuce bai riƙe hauya ba, kuma shi ke ciyar da mahaifiyarsa. Kowa ya ce: ai injin a kashe yake! Nan ne kuskuren yake.

Me ke riƙe garma a sama?

Mai ne ke riƙe ta, wanda ake kira man idirolik. Famfo yana tura man nan da ƙarfi, shi kuma ya ɗaga hannuwa biyu na ƙarfe da ke bayan tarakta. Hannu na uku, na sama, yana tsai da garma daidai. Wani Bature mai suna Harry Ferguson ne ya fito da wannan dabara, kuma a 1939 kamfanin Ford ya fara ƙera tarakta mai ɗauke da ita.

Ɗagawa ita ke bukatar inji. Saukarwa ba ta bukatarsa. Da an taɓa sanda, ko mai ya zurare, sai nauyin garma ya kawo ta ƙasa. Saboda haka:

1. Kafin direba ya sauka, ya ajiye garma har ƙasa, ya ja birki, ya kashe inji, ya cire makulli.
2. Ya motsa sandunan idirolik gaba da baya, don ƙarfin da ya rage cikin tiyo ya fita.
3. Idan dole ne a yi gyara garma tana sama, a tokare ta da kututture mai ƙwari. Kada a dogara ga mai.
4. Lokacin haɗa garma, kada kowa ya tsaya tsakaninta da tarakta sai ta tsaya cak.

Kada a nemi yoyo da hannu

Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar iska kamar bar 2. Man idirolik kuwa yana kai bar 150 zuwa 200. Idan tiyo ya huje, mai yana fitowa siriri kamar allura, har yana huda fata. A nemi yoyo da guntun kwali ko katako. Wanda mai ya huda, ko da raunin bai fi saran ƙaya ba, a kai shi asibiti nan take, a gaya wa likita cewa mai ne ya shiga. Sau da yawa sai an yi aiki an fitar da shi. Jinkirin ƴan awoyi na iya sa a yanke yatsa ko hannu.

Akwai kuma sandar nan da ke juyawa a baya, mai tuƙa injin sussuka ko famfon ruwa. Tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a sakan. Babbar riga da rawani da zane ba su da wuri kusa da ita, kuma kada a cire murfinta.

Daidaita nauyi

Kowa ya san amalanke. Idan kaya suka yi yawa a baya, sai ka ga jaki yana neman tashi sama. Haka tarakta take. Garma mai nauyi tana sa gaba ya yi sauƙi, sitiyari ya daina ji. Ƙa'idar ita ce, aƙalla kashi ɗaya cikin biyar na nauyin duka ya zauna bisa tayoyin gaba. Idan tarakta da garmarta kilo 3.000 ne, to kilo 600 ke nan. Don haka ne ake rataya ƙarafan nauyi a gaba. Ba a ɗora mutane ko buhunan yashi bisa hancin tarakta. Idan kuwa tana da cebur na ɗiban ƙasa a gaba, to baya ne ke son nauyi, kuma a riƙa tafiya da ceburin kusa da ƙasa.

Tayoyin baya ana iya zuba musu ruwa. A ɗaga tayar, a juya bakin iska ya koma sama, a zuba ruwa har ya kai bakin, wato kashi uku cikin huɗu. Sauran wurin na iska ne. Kowace lita kilo ɗaya ce, kuma tayoyin biyu su sami ruwa daidai wa daida.

Yaya za a san nauyi ya isa? Ga gwajin da duk mai iya ƙirge zai yi. A sa alama da alli a tayar baya. A sa garma cikin ƙasa, a ƙirga juyi 10, a kafa sanda a mafari da ƙarshe. Sai a ɗaga garma, a sake bin wurin ana ƙirgawa. Idan an sami juyi 8 da rabi zuwa 9, nauyi ya yi daidai. Idan bai kai 8 ba, taya tana sulɓi, tana cinyewa, a ƙara nauyi ko a rage zurfin huɗa. Idan ya kusa 10, nauyi ya yi yawa: gazwal na ƙonewa a banza, ƙasar gona tana daddannewa.

Jan kaya

Idan za a ja tirela, ko kututture, ko motar da ta kafe, a ɗaura sarƙa a ƙarfen ja na ƙasa kaɗai. Wanda ya ɗaura sama da gatarin baya, tarakta na iya miƙewa ta kife a kansa cikin sakan biyu, kafin ƙafarsa ta kai kuloci. A bakin kanal da gangare a tafi sannu. A kan hanya a haɗa birkin dama da na hagu. Idan tarakta na da ƙarfen kariya bisa kan direba, kada a cire shi, kuma direba ya ɗaura bel. Kujera ɗaya ce, mutum ɗaya ne.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyin manoma da masu ba da haya su duba tiyo da birki da ƙarafan nauyi tun kafin ruwan shuka. Iyaye su tsare yara nesa da wurin aiki. Wanda ya iya karatu ya karanta wa direban garinsu wannan shafi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.