Babur Mai Kwamfuta Na Tafe: Wa Zai Riƙe Makullin Injinsa?

Garin Sheme, a ƙaramar hukumar Faskari, yana bakin babban titin da ya tashi daga Funtuwa ya nufi Gusau, kuma a nan hanyar Ƙanƙara take ɓullowa. Sai dai mota iyakarta kwalta. Da zarar an gangara ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, babur ne ke ɗaukar komai: buhun masara da na taki, akuya ranar kasuwa, malamin firamare, mai naƙuda da tsakar dare. Kuma kowane babur yana da bakanikensa, wanda jarinsa bai wuce sifana da sukuddireba da kunnen da ya san kukan inji ba.

Wannan sana'a ta tsayu ne a kan abu guda: injin baburan da suka cika yankin, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da Haojue, a buɗe yake ga duk mai son koyo. A ƙasashen da ake ƙera baburan kuwa an riga an juya wa irin wannan inji baya. Sabbin da suke fitarwa kwamfuta ce ke sarrafa su, kuma kamfanoni na ƙara kulle kwamfutar ta yadda babu mai taɓa ta sai wakilinsu.

Kafin a fahimci rigimar sai an leƙa cikin injin. Aikin kafireta shi ne gauraya mai da iska. Iskar da inji ke zuƙa ita ke janyo fetur ta wata 'yar ƙaramar kafa, babu lantarki, babu lissafi. Idan babur na shan mai, bakanike ya murɗa sukuru ko ya canza kafar. Idan datti ya toshe ta, ya kwance, ya wanke da fetur, ya hura, ya mayar. Yaron gareji na iya koyon wannan da kallo kawai.

A sabon tsari babu kafireta. Famfo ne a tanki ke tura mai zuwa injekta, ita kuma ta fesa shi daidai gwargwado. Mai yanke hukuncin gwargwadon shi ne wani ɗan akwati da bai wuce tafin hannu ba, wanda kanikawan mota suka daɗe da sani da sunan biren-bos. Ƙananan na'urorin awo ne ke kai masa rahoto: ɗaya na auna yadda aka murɗa totur, ɗaya zafin inji, ɗaya nauyin iskar da ke shiga, ɗaya juyin ƙarfen inji, ɗaya kuma na cikin salansa tana duba ragowar iskar oksijin a hayaƙi. Akwatin ya haɗa rahotannin, ya duba jadawalin da kamfani ya rubuta masa, sannan ya faɗi yawan man da za a fesa da lokacin da filogi zai ba da wuta. Yana yin haka sau dubbai a minti guda. Abin da yake nema a yawancin tafiya shi ne iska kashi 14.7 ga mai kashi 1 a ma'aunin nauyi, domin a nan ne matatar hayaƙin da ke cikin salansa ke aiki sosai.

Duk wanda ya iya sauya wannan jadawali ya sauya halin babur. Zai iya ƙara masa ƙarfi, ya ɗage iyakar gudunsa, ko ya rage masa shan mai. Shi ya sa a Turai da Amurka aka samu masu sana'ar sake rubuta shi, aka kuma samu kamfanoni irin su Dynojet da ke sayar da akwatin da ake jonawa tsakanin kwamfuta da injekta ya riƙa gyara umarnin a hanya.

Dokar hayaƙi ce ta kori kafireta. Ƙasar Sin ta tsaurara ma'aunin hayaƙin babura a 2019, Indiya ta bi sahu da nata daga 1 ga Afrilun 2020, Tarayyar Turai ma ta fara aiki da mataki na biyar na nata ma'aunin a 2020. Kafireta ta gargajiya ba ta iya cika waɗannan sharuɗɗa, don haka masana'antu suka koma wa lantarki. Abin lura shi ne Indiya da Sin su ne tushen akasarin baburan da ke yawo a Najeriya. Har yanzu suna ƙera masu kafireta saboda kasuwannin Afirka, amma bincikensu da sabbin jarinsu sun karkata ɗaya ɓangaren. Ita ma ƙungiyar ECOWAS a 2020 ta amince da ƙa'idar bai ɗaya ta tsabtace mai da tsaurara ma'aunin hayaƙin motocin da ake shigowa da su. Ba a sa ranar da kafireta za ta ƙare a kasuwar Funtuwa ba, amma alƙibla ta bayyana.

Hanyoyin kullewar suna da yawa. Akwai kamfanin da ke rufe manhajar akwatin da lambobin sirri. Akwai wanda ke sa akwatin ya ƙi karɓar kowane sabon jadawali sai mai ɗauke da sa hannun kamfani. Wasu na ɗaura akwatin da makullin babur, ta yadda idan an ciro na wani babur aka sa, inji ba zai tashi ba. Wasu akwatunan kuma suna ajiye tarihin duk taɓawar da aka yi musu, ranar da mai babur ya je neman garanti a nuna masa shaida.

Kamfanonin suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. A watan Agustan 2016 kamfanin Harley-Davidson ya amince ya biya gwamnatin Amurka tarar dala miliyan 12, bayan an zarge shi da sayar da na'urorin ƙara wa inji ƙarfi kusan 340,000 waɗanda ke sa babura fitar da hayaƙi fiye da ƙa'ida. An kuma tilasta masa daina sayar da su. Daga nan kowane kamfani ya gane cewa idan baburansa suka yi sauƙin sauyawa, hukuma na iya kama shi. Akwai kuma batun rai. Bayan Suzuki ya fito da Hayabusa a 1999, babur ɗin da ya haura kilomita 300 a awa, manyan masu ƙera babura sun yi yarjejeniya tsakaninsu suka tsayar da gudu a kilomita 299, don kada gwamnatoci su far musu da doka. Kwamfutar inji ce ke tsare wannan iyaka. Sannan injin da aka matsa wa fiye da ƙarfinsa yakan ƙone, kuma babu kamfanin da ke son biyan garantin ɓarnar da wani ya jawo.

Amma makullin da ya hana ɓarna shi ne kuma ke kawo kuɗi. Shi dai wannan Harley-Davidson, a 2022 hukumar kare ciniki ta Amurka ta zarge shi da rubuta wa masu saye cewa garantinsu zai ɓaci idan suka yi gyara a wajen dillalansa ko suka sa kayan wani kamfani, aka umarce shi ya gyara takardun. Manoman Amurka sun shafe shekaru suna kuka da John Deere, saboda tarakta na iya tsayawa a tsakiyar girbi a kan ƙaramar matsala, a jira ma'aikacin kamfani ya zo da kwamfutarsa. A Janairun 2025 ita wannan hukumar kare cinikin ta maka kamfanin a kotu. Shi kuwa KTM na ƙasar Ostiriya ya fito da wani salo a wasu manyan baburansa: ya bar wa mai saye wasu abubuwan more tuƙi su yi aiki a kilomita 1,500 na farko, daga nan su mutu sai an biya. Kayan na jikin babur, mai shi ya saya, amma izinin amfani na hannun kamfani. Kuma Bajaj, mai Boxer ɗin da ke kowane lungu a Faskari, yana da hannun jari a KTM tun 2007.

Batun cewa kamfani ne kaɗai abin amincewa da hayaƙi ma ya sha ruwa a 2015, lokacin da aka gano Volkswagen ya dasa manhajar yaudarar masu gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. Rufaffen akwati ne ya ɓoye ha'incin shekara da shekaru.

A Turai da Amurka, masu ƙorafin kulle babura yawanci masu sha'awar gudu ne da tsere. A Sheme lissafin daban yake. Gaskiya akwai samarin da ke fasa salansa don ƙara, da masu wasan babur a bikin aure, amma ba su ne kasuwar bakanike ba. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, abin da ɗan acaɓa ke roƙo a gareji shi ne, "Oga, a ɗan rage masa shan mai." Manomi kuma so yake babur ya ja buhu biyu a cikin taɓon damina. Bakanike na biya wa kowa buƙatarsa da sukuru da canjin haƙoran sarƙa. Wani lokaci gyaran na da illa, domin injin da aka matse wa mai fiye da kima yakan yi zafi har ya ƙona bawul. A nan kam kwamfuta ta fi hannu: tana tsimin mai ba tare da ta cutar da inji ba, tana kuma tayar da shi a sanyin hunturu ba sai an yi ta bugun kik ba. Ga mai neman abinci da babur, wannan riba ce ta kullum.

Matsalar tana ranar da ya lalace. Injekta ba ta jure datti, ga shi mafi yawan man ƙauye daga galan da kwalaben 'yan bumburutu yake fitowa. Ko man gidan mai ba kullum yake da tabbas ba: a Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya tabbatar an shigo da fetur mai gauraye da sinadarin metanol fiye da kima, aka janye shi daga kasuwa bayan masu motoci sun koka da lalacewar injuna. Famfon mai na buƙatar batir mai rai, alhali babura da yawa a karkara sun shekara suna tafiya da mataccen batir. Idan fitilar gargaɗi ta kama, kunne ba ya gane ciwon. Sai an jona na'urar gwaji ta karanta lambar matsalar. Idan kamfani ya ɓoye ma'anar lambobin, ko ya ce sabon kayan gyara ba zai yi aiki ba sai wakilinsa ya gabatar da shi ga akwatin, to an gama da garejin bakin kasuwa. Masu sayen waya bashi sun san irin wannan: wayar na hannunka, amma mai iya buɗe ta yana wani gari.

A wannan yanki kuma "wani gari" ba ƙaramar magana ba ce. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar daƙile matsalar tsaro, wadda ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar baburan haya da dare a ƙananan hukumomin da ke bakin daji, ta kuma dakatar da cinikin tsofaffin babura a kasuwar Charanci. A watan da ya biyo baya aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Babur ɗin da gyaransa ke buƙatar a ɗora shi a mota zuwa Katsina ko Kano, ko kuma na'urar gyaransa ba ta aiki sai da intanet, da ya zama tarin ƙarfe a irin wannan lokaci. Boxer mai kafireta kuwa ya ci gaba da tafiya.

Wasu za su ce ai ko don 'yan bindiga ya kamata a so babur mai kulle, wanda za a iya bibiya ko a kashe daga nesa. Kamfanonin da ke ba da babura bashi da masu baburan lantarki a wasu biranen Afirka suna amfani da irin wannan dabara don tsare dukiyarsu. Sai dai na'urar bibiya daban, kulle jadawalin inji daban. Bibiya na buƙatar layin waya, wanda shi ne abin da babu a cikin daji. Kuma ɗan bindiga ba gudun tsere ke kai shi ƙauye ba. Babur mai juriya yake so, irin wanda kowa ke hawa. Hana bakaniken Sheme karanta lambar matsala ba zai rage hari ko ɗaya ba.

Ke nan akwai ƙofofi biyu a jikin akwatin, kuma bai kamata a haɗa su ba. Ta farko ita ce ta sauya jadawali don ƙara gudu ko kashe matatar hayaƙi; kamfani na da haƙƙin tsare ta. Ta biyu ita ce ta gane ciwo da sa sabon kaya, wadda haƙƙin mai babur ce. Turai ta riga ta raba su: dokarta ta 2013 kan babura ta umarci kamfanoni su toshe hanyar yi wa inji kutse, ta kuma wajabta musu ba gareji masu zaman kansu bayanan gyara. Jihar Massachusetts ta Amurka ta kafa irin wannan doka kan motoci tun 2012.

Najeriya na da hukumomin da za su iya yin haka tun kafin baburan su yawaita. Hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta SON na iya sharɗanta cewa duk babur mai kwamfuta da za a shigo da shi ko a haɗa a nan ya zo da kafar gwaji irin ta kowa, tare da littafin lambobin matsala a fili. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC na iya hana garantin da ke tilasta wa mai saye gareji guda. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, da cibiyar koyar da matasa sana'o'i ta jihar, na iya kai horo kan injekta da wayoyin lantarki har Funtuwa da Faskari, da harshen Hausa, a lokacin da ba zai hana bakanike neman na cefane ba. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta 'yan acaɓa na iya haɗa kuɗi su sayi na'urar gwaji guda a kowace tasha.

Shi kuma mai shirin sayen sabon babur, kafin ya tambayi nawa yake sha a kilomita, ya tambayi dila abu uku: wane bakanike ne mafi kusa da ke da na'urar gwajinsa, nawa ne famfon mai da injekta, kuma idan akwatin ya mutu a ina ake samun wani. Idan dila ya kasa amsawa, ya bar masa kayansa.